Sharhi kan kwas ɗin Learning How to Learn ga mai shirin shiga jami'a

Ɗalibin da ya saba zuwa na ɗaya a sakandare yakan shiga jami'a da ƙwarin gwiwa, sai sakamakon jarrabawar farko ya sa ya fara zargin ko dama can ba shi da ƙwaƙwalwar. Irin wannan ɗalibi ne ya fi dacewa da kwas ɗin Learning How to Learn, wato koyon yadda ake koyo, wanda farfesoshi Barbara Oakley da Terrence Sejnowski suka fara gabatarwa a Coursera, dandalin karatu ta intanet, a 2014.

Kwas ne na mako huɗu, gajerun bidiyoyi da 'yan tambayoyin gwaji. Abin da ya fi burge ni shi ne bai ɓata lokaci wajen lallashi ba. Yana nuna cewa maimaita karanta shafi ɗaya yakan sa mutum ya ɗauka ya iya alhali bai iya ba, kuma abin da ke zaunar da karatu shi ne a rufe littafi a gwada tuno abin da aka karanta, a kuma rarraba bita cikin kwanaki maimakon a kwana ana hadda daren jarrabawa. Idan ɗalibi ya gane hanyarsa ce ta gaza ba kansa ba, gabansa ya daina faɗuwa. Tun 1977 masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana cewa babu abin da ke gina yarda da kai kamar nasarar da mutum ya samu da hannunsa, kuma dabarar Pomodoro da kwas ɗin ke koyarwa, wato minti 25 na aiki ba tare da waya ba sannan ɗan hutu, irin wannan ƙaramar nasara take bayarwa kullum.

Labarin Oakley kanta ma darasi ne, domin ta tsani lissafi a makaranta, ta shiga soja ta koyi Rashanci, sai tana da shekara 26 ta koma lissafi daga tushe, har ta zama farfesar injiniyanci.

Sai dai da Turanci ake jawabin, kuma bai taɓo kaɗaicin sabon ɗalibi a cikin ɗaruruwan baƙin fuskoki ba. Babu kuma malamin da zai bibiye ka, don haka wanda himmarsa ta riga ta yi sanyi yana iya yasar da shi a mako na biyu. Shawarata ita ce a yi shi kafin a fara lakca, tare da aboki guda da za a riƙa yi wa juna tambayoyi.