Race to the Rhine ko Ardennes '44: wanne za ka fara da shi?

Ɗan'uwa, ka ce kana neman wasan yaƙi na kan tebur a kan ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a yammacin Turai, kuma ka rasa zaɓi tsakanin waɗannan biyun. Shekarar ɗaya ce, 1944, amma abin da kowannensu yake sa ka yi ya sha bamban.

1944: Race to the Rhine na kamfanin Phalanx ne, ya fito a 2014. Mutum ɗaya zuwa uku ke bugawa, kowa ya ɗauki ɗaya daga kwamandojin sojojin ƙawance, Montgomery ko Bradley ko Patton, a yi tseren tsallake kogin Rayin. Babu mai riƙe Jamus, babu ɗan lido. Aikinka dakon kaya ne: fetur, harsashi da abinci, 'yan guntayen katako da za ka ɗora wa mota ka kai bakin daga. Runduna ba ta motsi sai ta sha fetur, faɗa kuma harsashi yake ci.

Daɗin wasan yana wajen motocin. Duk motar da ka ajiye a kan hanya tana nan zaune, ta tare wannan hanyar har zuwa lokacin da za a kwashe motoci gaba ɗaya, a lokacin ne kuma kowace runduna za ta nemi abincinta. Kuskuren sababbin 'yan wasa kenan: su kora Patton da gudu, su loda fetur zalla, a zo rabon abinci a tarar babu, rundunar ta tsaya cik. Tarihin ma haka ya tafi. Sojojin ƙawance sun kama Antwerp, birni mai tashar jiragen ruwa a Beljiyam, ranar 4 ga Satumba 1944, amma jiragen kaya ba su fara sauka a tasharta ba sai ƙarshen Nuwamba, dole aka riƙa jigilar mai da motoci tun daga gaɓar tekun Normandi a Faransa. Awa biyu ta ishe ku gama wasan.

Ardennes '44 kuwa, wanda Mark Simonitch ya tsara, kamfanin GMT ya fitar a 2003, na mutum biyu ne gaba da gaba. Farmakin da Jamus ta kai ranar 16 ga Disamba ne, ta dazukan Beljiyam da Luksambag, tana neman kogin Meuse. Taswirar gida-gida ce mai kusurwa shida, sojoji kuma ɗaruruwan 'yan kwalaye masu lambobi. Kana haɗa ƙarfin masu kai hari ka auna da na mai tsaro: 12 a kan 4 uku ne bisa ɗaya, 11 a kan 4 kuwa ya koma biyu bisa ɗaya, saboda ana zubar da ragowa. Sai ka jefa ɗan lido ka duba jadawalin sakamakon faɗa. Ka lura da wannan doka tun farko: rundunoni biyu da ke da gida ɗaya tsakaninsu suna ƙulla shinge da abokin gaba ba ya ratsawa. Mai riƙe Amurka da bai gane ta ba zai jera sojoji kafaɗa da kafaɗa, su ƙare masa, a zagaye shi ta gefe kafin ya tsare garin Bastogne. Cikakken wasan yana cin yini guda ko fiye, yana kuma son babban tebur da ba za a taɓa ba.

Idan ba ka taɓa wasa da irin wannan taswira ba, mu dai Race to the Rhine za mu ce ka saya. Idan kana da abokin karawa mai haƙurin karanta dokoki, Ardennes '44 ya fi zurfi nesa ba kusa ba, sai dai ku fara da gajeren zangon da ke cikin littafin kafin ku shiga dogon.