Norwegian ko Holland America, ga dattijuwar da za ta hau jirgin ruwa ita kaɗai

Hajiya barka da warhaka, tun jiya na ga tambayarki ban samu natsuwar amsawa ba sai yanzu. Kin ce shekararki 68, tun rasuwar maigida, Allah ya jiƙansa da rahama, ba ki yi wata doguwar tafiya ba, yanzu yara sun haɗa kuɗi suna so ki hau jirgin ruwan nan na yawon shakatawa, ejan tafiye-tafiye ya kawo miki sunayen kamfanoni biyu wato Norwegian da Holland America, ke kuma gwiwa na damunki, ba kya son hayaniya, amma abin da ya fi tsaya miki a rai shi ne a ce kullum kin zauna cin abinci ke kaɗai cikin dubban mutane ba mai ce miki sannu. To dukkansu biyun na hau, kuma ni kaɗai na hau, bari in faɗa miki yadda na gan su.

Kafin komai ki san inda kuɗin ke tafiya. Kusan duk kamfanonin nan farashin da suke tallatawa na mutum ɗaya ne amma da sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin, in ke kaɗai ce sai a ɗora miki kuɗin ɗaya gadon da ba kowa, wani lokaci rabi, sau da yawa ma cikakke, kin ga kin biya na mutum biyu ke nan kin ci abincin mutum ɗaya. Shi ya sa maganar ɗakin mutum ɗaya take da muhimmanci, kuma a nan ne Norwegian suka yi suna. A 2010 suka fito da jirginsu Norwegian Epic mai ɗakuna 128 da aka gina musamman don mai tafiya shi kaɗai, suna ce musu Studio, daga baya suka sa irinsu a jiragensu Breakaway da Getaway da Escape da Bliss da Encore har zuwa Prima da Viva. Daga 2024 kuma suka ware wasu ɗakuna na yau da kullum, har da masu taga da masu baranda, suna sayar da su da farashin mutum ɗaya. Holland America kuwa ɗakunansu na mutum ɗaya 12 ne kacal a kowane jirgi, su ma a jirage uku sababbi kawai, Koningsdam na 2016 da Nieuw Statendam na 2018 da Rotterdam na 2021. Goma sha biyu a jirgin da ke ɗaukar mutum sama da 2,600, ai kafin ki ce kwabo an kwashe, sai wadda ta kama tun da watanni masu yawa. Ta fuskar aljihu da sauƙin samun ɗaki dai Norwegian ne a gaba, wannan ba gardama.

Amma fa ki ga ɗakin tukuna. Studio ɗin Norwegian wajen murabba'in mita 9 ne, gado ya cinye kusan rabinsa, ba taga mai kallon teku, in kin farka ba za ki san gari ya waye ba sai kin duba agogo. An tsara shi da dabara gaskiya, komai da wurinsa, ga tsabta, kuma wadda take wuni a waje barci kawai ke kawo ta ɗaki ba za ta damu ba. Amma irinmu da muke son mu koma ɗaki bayan la'asar mu miƙe ƙafa mu huta awa biyu, ni dai kwana uku na fara jin ƙunci. Na Holland America ya fi faɗi, mita 12 zuwa sama, kuma da tagarsa, kina kwance kina ganin ruwa. Aibinsa wurin da aka ajiye shi, can gaba wajen hancin jirgi a hawan ƙasa, kuma gaba ne wurin da aka fi jin duka in igiyar ruwa ta taso. In kina da saurin jiri ko tashin zuciya a mota to ki lura da wannan, tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa shi ne wurin da ya fi zama lafiya a kowane jirgi.

Yanzu ga ainihin abin da kika tambaya, kaɗaici. Norwegian suna da wani falo da suka keɓe wa masu ɗakin mutum ɗaya, da katin ɗakinki kike buɗe ƙofar, akwai shayi da kofi da ɗan abin taɓawa, kuma da yamma akan yi haɗuwa, ma'aikaci ɗaya yana tara masu tafiya su kaɗai a gaisa, wanda yake so a tafi cin abincin dare tare. Tsari ne mai kyau wallahi, na san mutanen da suka ƙulla zumunci na shekaru daga nan. Sai dai biyu, na farko ke za ki kai kanki, ranar da ba ki je ba shi ke nan an tafi, na biyu taron gauraye ne, ɗan shekara 28 da ɗan 45 da 'yar 70 duk wuri ɗaya, kuma yawancinsu in an gama cin abinci wajen kiɗa da rawa za su nufa har tsakar dare. Tsarin Norwegian gaba ɗaya a kan haka aka gina shi, ba lokacin cin abinci da aka kafe, ba tebur ɗinki na dindindin, ba dokar sutura, ki ci inda kike so sanda kike so. Ga ma'aurata wannan 'yanci ne, ga wadda take ita kaɗai kuwa yana nufin kowane dare sai ta tsaya a ƙofar ɗakin abinci an tambaye ta mutum nawa ne ta ce ɗaya.

Holland America har yanzu suna riƙe da tsohon tsari ga mai so, ki zaɓi zaman farko ko na biyu, a ba ki tebur ɗaya da mutane ɗaya da mai hidima ɗaya daga daren farko har na ƙarshe. Ki ce a sa ki a tebur na mutum shida ko takwas, kada ki yarda da na mutum biyu. Ni tebur ɗinmu mu shida ne, mata huɗu duk mu kaɗai muka zo, da wasu tsofaffi miji da mata. Daren farko kowa na ɗari-ɗari, ana ta ina kika fito yau me kika gani. Dare na uku kafin in zauna mai hidimar ya ajiye mini ruwan ɗumi da yankan lemon tsami don ya lura shi nake tambaya kullum. Dare na biyar ɗaya daga cikinmu, tsohuwar malamar makaranta mai dogara sanda, ba ta zo ba, kujerarta ba kowa, muka ci miya muka gama ba ta zo ba, sai ta kusa da ni ta tashi ta je ta sa aka kira ɗakinta, ashe jiri ne ya kwantar da ita tun rana ba ta ci komai ba, nan take aka kai mata abinci aka gaya mata inda asibitin jirgi yake, da safe muka same ta a kan bene tana shan iska. Hajiya wannan shi ne abin da nake so ki samu, wurin da in ba a gan ki ba za a tambaya. Falon Norwegian yana ba ki abokan hira, tebur na dindindin kuwa yana ba ki mutanen da suka san kujerarki.

Sai gwiwa. Mutane ba sa tunanin wannan sai sun shiga. Jirgin da na fara hawa a rayuwata, ba ɗaya daga cikin biyun nan ba ne, na kama ɗaki mafi araha ban duba taswirar jirgin ba, ashe a ƙarshen wani dogon lungu yake, daga ƙofata zuwa lifta tafiya ce, daga lifta zuwa wurin karin kumallo wata tafiyar, in na manta tabarau a ɗaki sai in haƙura da karatun ranar. Araha ba ta ado, a nan na gane. Norwegian Epic tsawonsa ya haura mita 320 kuma yana ɗaukar mutum wajen 4,000, su Bliss da Encore ma haka suke, har filin tseren ƙananan motoci ke akwai a samansu, ga yara lokacin hutun makaranta, ga jiran lifta ranar da aka tsaya a tasha kowa na son sauka lokaci ɗaya. Na Holland America sun fi ƙanƙanta, manyan nasu 2,600 da ɗoriya, tsofaffin kamar Volendam da Zaandam kuwa wajen 1,400 ne, kwana biyu kin haddace ko'ina. Fasinjojinsu ma yawanci sa'anninmu ne, musamman a tafiyar da ta wuce kwana 10, don matasa da masu yara ba sa samun hutu mai tsawo haka. Kiɗan da ake yi na zama a saurara ne, ƙarfe goma sha ɗaya jirgi ya fara yin tsit. Gidan caca da mashaya kam dukkansu biyun suna da su, sai dai a Holland America ya fi sauƙi ki wuce abinki ba su cika miki kunne ba.

Wurin zuwa ma ki duba. In Alaska ce a ranki Holland America tsofaffin hannu ne a can, kuma tafiya ce da kina zaune a kan kujera da bargo duwatsun ƙanƙara ke wucewa ta gabanki, ba sai kin wahalar da ƙafa ba. Bahar Rum kuwa kusan kullum sabuwar tasha, kullum tafiyar ƙafa a kan titin duwatsu cikin rana, yana gajiyarwa ko wane kamfani ne. Kuma ki sa ejan ya gaya miki tashoshi nawa ne jirgin ba ya iya matsawa bakin gaɓa, don a irin su ƙaramin jirgi ake sauka a ciki a kai ku, yana rawa a kan ruwa kina ƙoƙarin taka matakala, ranar da ruwa ba daɗi mai ciwon gwiwa gara ta zauna.

Akwai wasu da ejan bai kawo miki ba. Cunard, masu Queen Mary 2 da ke ƙetare Tekun Atlantika tsakanin Southampton da New York cikin dare bakwai, sun ƙara mata ɗakuna 15 na mutum ɗaya a 2016, ga laburare babba ga laccoci da rana, in kina son karatu da natsuwa ba kamarta, sai dai akwai dararen da ake cin ado sosai, kuma kwana da kwanaki ba ganin ƙasa. Saga na Birtaniya na 'yan shekara 50 zuwa sama ne, jiragensu biyu kowanne bai kai mutum 1,000 ba, ɗakunan mutum ɗaya wajen 100 duk da baranda, a takarda su ne suka fi dacewa da ke amma daga tashoshin Ingila suke tashi kuma da tsada. Viking ba yara ba caca, sai dai ba su da ɗakin mutum ɗaya, kuɗin gado na biyu zai hau kanki.

In da ni ce ke Hajiya, Holland America zan ɗauka, tafiyar kwana 7 zuwa 10 a karon farko don ki gwada jikinki. In an samu ɗaya daga ɗakuna 12 ɗin nan kuma ba kya jiri, madalla, in ba a samu ba ki sa yara su tambayi nawa ne ɗaki mai taga a tsakiyar jirgi kusa da lifta ko da ƙarin kuɗin gado na biyu, wani lokaci kamfani kan rage shi a wasu tafiye-tafiye, ejan mai ƙwazo zai nemo miki. In bambancin kuɗin ya yi yawa har zai takura su, to Norwegian ba laifi, amma ki nemi na mutum ɗaya mai taga ko baranda ba Studio ba, ki guji lokacin hutun makaranta, kuma tun yammacin farko ki je haɗuwar nan kada ki bari sai gobe, daren farko ake ƙulla ƙawance.

Ko wanne kika zaɓa, dukkansu suna ƙara kuɗin tukwicin ma'aikata a kowace rana a kan lissafin ɗaki, intanet ma da kuɗinsa daban, ki sa a haɗa miki jimla kafin a biya. Inshorar lafiya ta tafiya dole ce, don likitan jirgi ba kyauta yake duba mutum ba, kuma in abu ya kai a ɗauke mutum zuwa asibitin ƙasa kuɗin ba ƙarami ba ne, ki faɗa musu gaskiyar duk wani ciwo da kike da shi lokacin cike takarda. Magungunanki ki riƙe su a jakar hannu da ƙarin na sati ɗaya, don babban akwati sai can da yamma yake isowa ɗaki. In akwai abincin da ba kya ci a rubuta musu tun makonni kafin tafiya, ba sai kin shiga ba. Ki isa garin da jirgi zai tashi kwana ɗaya kafin ranar, jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirgin sama ya makarar. Biza kuma a duba ta kowace ƙasa da za a tsaya, ko da ba ki da niyyar sauka, don suna iya hana mutum shiga tun a tasha.

Ki turo mini ranakun da ejan ya ba ki da lambar ɗakin, in duba miki a taswirar jirgin in ga nisansa da lifta.