Garejin da ya gyara min silon mota a Maradi

Motata tsohuwar Corolla ce 'yar Kwatano, mai injekta, wato mai fesa wa inji mai da umarnin kwamfuta. Tun da sanyin hunturun bana ya shigo ta tsiro da wani hali: tana gudu lafiya lau a kan kwalta, amma da na ɗaga ƙafa daga totur sai allurar da ke nuna juyawar injin ta faɗi ƙasa da 500, sitiyari ya kama rawa, ta mutu. Wanda ya san cunkoson bakin babbar kasuwa, da 'yan kabu-kabu na danna oda a bayansa, ya san abin da nake nufi. In na kunna na'urar sanyi ko fitilu da dare, abin ya fi muni.

Bakaniken farko ko inji bai saurara ba ya ce buji ne, wato fulogi. Aka canza, ba ta sake zani ba. Ya koma cewa famfon mai ne, na ce a dakata tukuna.

Wani direban Ɗan Isa ne ya kwatanta min wani gareji a unguwar Zariya. Abin da ya fara burge ni, maigidan tambayoyi ya yi ta yi. Da sanyin inji take mutuwa ko bayan ya yi zafi? Tana shiƙewa a hawa? Ruwa-ruwa, wato man bakin titi, nake sha ko na gidan mai? Ya ce, "Alhaji, da famfo ne ai a gudu za ta fi ba ka wahala, ba a tsaye ba."

Ya jona na'urar bincike ƙarƙashin sitiyari, ta nuna P0505, wato matsala a tsarin silo, aikin inji lokacin da ba a taka totur ba. Duk da haka bai tsaya nan ba, ya bi tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya yana neman tsaga. Sannan ya kwance bakin totur, inda iska ke shiga inji, ya kira ni in gani. Cikinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ƙura ta haɗu da tururin mai ta daskare. A gefe akwai ɗan bawul da kwamfutar mota ke buɗewa don iska ta wuce lokacin da ƙafa ba ta kan totur, kuma shi ke ƙara iska in an kunna sanyi. Nawa ya kusa toshewa, da ƙyar yake motsi. Matatar iska kuwa, da ya buga ta a taya sai jan rairayi ke zuba, gefenta ma ya yage.

Ya wanke da maganin feshi da tsohon buroshin haƙori, ya sa sabuwar matata, ya bar injin na aiki har ya yi zafi. Allura ta tsaya cak wajen 750. Na tambaye shi ko za a ɗan murɗa kusar silo, ya ce ta masu kabireta ce, a injekta taɓa ta ɓarna ne.

Inda ban ji daɗi ba: babu inuwar kirki, kuma yaransa sun bar min shatin baƙin mai a kujera. Ya ce zai gama bayan azahar, sai dab da magariba na karɓi mabuɗi. Kuɗin aiki jika biyar, ban da matata. Tun daga nan na je Madarumfa da Tasawa da ita, ba ta sake mutuwa ba. Mai zuwa ya je da sassafe, ya kuma shimfiɗa tsumma a kujera.