Nutso a Zanzibar: Da Damina Ko Da Rani?

Mutumin Ringim ko Ɗambatta da ke sha'awar nutso a teku da tulun iska a baya, a tsibirin Zanzibar na Tanzaniya, sai ya fara duba kalanda, domin damunarsu ba ta zo daidai da tamu ba.

Babban ruwansu yana sauka ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin da mu bazara ke gasa mu, gona kuma ba ta kira ba tukuna. Kuɗin masauki kan sauka, baƙi sun ragu, jirgin ruwan da zai kai ka Mnemba, ƙaramin tsibirin da ake nutso a gefensa, ba cunkoso. Sai dai ruwa kan gurɓace, ba ka hango kifi da murjani daga nesa, wata rana ma a fasa fita gaba ɗaya. Wasu otal-otal rufewa suke yi.

Daga Yuni zuwa Oktoba kuwa sama garau, farashi ya hau. Amma wa zai bar shuka da noman gero a Yuli ya tafi kallon kifi?

Ni dai Oktoba na zaɓa, gero ya shiga rumbu. Wanda ya samu takardar shaidar nutso ta matakin farko iyakarsa zurfin mita 18, a kowane lokaci ya je.