Sharhi kan linkej mai cirewa da hannu domin kwance stabilaiza a motar daji

Kayan da wannan sharhi ya shafa ba su da yawa idan aka zazzage su daga kwali: linkej biyu, wato 'yan sandunan da ke haɗa stabilaiza da ƙarfen tayoyi, masu zare waɗanda ake iya ƙara wa tsawo ko a rage, turakun ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin gatarin gaba (wato aksul, ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba biyu), filoli masu zobe da ke hana linkej zamewa, da maƙalai biyu da ake rataye shi a kai bayan an kwance. Aikinsu shi ne su ba direba damar raba sandar stabilaiza, wadda ke hana jikin mota kwantawa a kwana, da gatari ba tare da sifana ba a lokacin da zai sauka daga kwalta ya shiga duwatsu da kwazazzabai, sannan ya mayar da ita idan zai koma titi. Kamfanoni irin su JKS da TeraFlex sun daɗe suna ƙera irinsu domin Jeep Wrangler, kuma tsarin kusan ɗaya ne ko na wane ne aka saya. Na daɗe ina amfani da irin wannan saiti, kuma a ganina yana yin abin da aka saye shi dominsa. Sai dai mafi yawan masu saye suna auna shi ne da sauƙin cirewa, alhali kuwa a wurin mayarwa ake gane mai kyau da maras kyau.

Sandar stabilaiza ƙarfe ne irin na sifirin, an lanƙwasa bakinsa biyu, an riƙe tsakiyarsa a jikin firam da bushi biyu, wato zobban roba, kowane baki kuma an haɗa shi da ɓangare ɗaya na gatari ta hanyar linkej. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, sandar tana juyawa ne kawai cikin bushinta ba ta hana komai. Idan kuwa taya ɗaya ta yi sama ɗayar ta yi ƙasa, dole sandar ta murɗe, kuma turjiyar da take yi wa murɗewar ita ce ke hana jikin mota kwantawa a kwana. Dabara ce tsohuwa, domin tun a 1919 wani ɗan Kanada mai suna Stephen Coleman ya yi rajistar mallakar fasaharta. A kan kwalta alheri ce zalla, musamman ga doguwar mota mai nauyi a sama. A cikin duwatsu kuwa wannan turjiyar ce ke zama cikas, saboda abin da direba ke bukata a can shi ne taya ɗaya ta lume cikin rami yayin da ɗayar ke kan dutse, dukansu suna taka ƙasa. Da zarar sandar ta ɗage taya ɗaya ta bar ta tana lilo, difarenshiyal, wato giyar da ke raba juyin inji tsakanin tayar hagu da ta dama, idan ba shi da makulli, zai tura juyi zuwa wannan tayar da ba ta riƙe komai, sai a ji inji yana ƙugi mota kuwa tana nan inda take.

Bambancin da kwance sandar ke kawowa a bayyane yake tun daga ramin farko. Masu gasa suna auna shi a kan gangaren ƙarfe mai kusurwar digiri 20, inda ake hawa da taya ɗaya har sai wata ta fara barin ƙasa, sannan a raba nisan da aka hau da tazarar da ke tsakanin gatarin gaba da na baya, a ninka sau 1,000. Amma ba sai an je ga lissafi ba. Wurin da a da sai an taka totur an yi tsalle kafin a haye, yanzu ana wuce shi a giya ta ɗaya a hankali, kuma hawa a hankali shi ne ke kare ƙarafan ƙasan mota daga karyewa. Akwai kuma wata riba da ba a cika ambata ba: a hanya mai gargada, inda ramuka ke zuwa dama da hagu bi da bi, jijjigar da ke kaɗa kan fasinja gefe da gefe tana raguwa ƙwarai, domin sandar ta daina ɗaukar dukan da taya ɗaya ta sha tana kai wa dukan jikin mota.

Ɗaura saitin ba shi da wuya ga wanda ya saba riƙe sifana, amma akwai wuri ɗaya da ke bukatar natsuwa, wato tsawon linkej. Idan an ɗaga motar da dogayen sifirin, linkej na asali ya zama gajere, kuma dole a daidaita sabon ta yadda hannun sandar zai kwanta kusan miƙe da ƙasa, ko ya ɗan ɗaga sama kaɗan, lokacin da motar ke tsaye a kan tayoyinta. Idan ya gajarce da yawa, a lokacin da gatari ya sauka iyakar saukarsa hannun sandar da linkej suna iya miƙewa su zama layi ɗaya har su birkice ta baya, abin da ke lanƙwasa ƙarfe ko ya taɓa kayan sitiyari. Wannan ne ya sa nake ganin saiti mai zare ya fi wanda aka yanke tsawonsa tun daga masana'anta. Wajibi ne kuma tsawon hagu da na dama su zo daidai, a auna su a ƙasa mai shimfiɗe, domin ɗan bambancin da ido ba ya gani a ranar ɗaurawa shi ne zai dawo ya zama wahala kullum.

Bayan an ɗaura, ya kamata a kwance sandar a hau da taya ɗaya kan wani tudu, a sauka a leƙa ƙasa. Gatarin da aka saki yana sauka fiye da yadda ya saba, don haka a duba tiyon birki da wayar na'urar birki ko sun miƙe sun yi tauri, a ɗaya ɓangaren kuma a duba ko tayar da ta shige sama tana gugar jikin mota. Takardar da ke zuwa cikin kwali ba lallai ta jaddada wannan ba, amma tiyon birki da ya tsinke a tsakiyar gangare ba ƙaramin al'amari ba ne.

Cirewa kam babu abin cewa a kanta. A zare fil, a jawo linkej daga turke, a ɗaga shi a rataye a maƙalinsa, a mayar da fil, a zagaya ɗaya ɓangaren a maimaita. Wanda ya taɓa kwanciya a ƙasa da sifana biyu masu lamba 18 yana kwance noti a Wrangler samfurin JK, sannan yana neman igiyar da zai ɗaure sandar da ita kada ta faɗo kan taya, shi ne zai fi sanin darajar wannan sauƙi. Wasu suna cire ɓangare ɗaya kawai, kuma gaskiya ne hakan ya isa ya kashe aikin sandar, sai dai sandar za ta ci gaba da bin motsin ɗaya tayar tana kaɗa sakakken bakinta kusa da sifirin da tiyo. Cire biyun a rataye su shi ne daidai.

Mayarwa ita ce jarrabawar. A lokacin da za a mayar, motar ta riga ta sha taɓo, rana ta yi nisa, kuma da wuya a sami wuri mai shimfiɗe sosai a bakin hanya. Ɓangaren farko yana shiga salin alin, domin sandar tana sake ne ana iya ɗaga ta ko a sauke ta da hannu ɗaya. Na biyun ne ke ƙin shiga: sai a ga ramin linkej ya tsaya sama da turke da kamar faɗin yatsa, kuma wannan ɗan tazarar ba ta rufuwa da ƙarfin damtse, saboda mutum yana ƙoƙarin murɗe sandar da aka ƙera domin ta riƙe nauyin mota ne. Mafita ita ce a gyara tsayuwar motar, ko kuma wani ya kama bamba ya girgiza ta yayin da mai mayarwa ke jiran daidai lokacin da ramin zai zo saitin turke ya tura. A nan ne ƙananan abubuwa ke raba saiti da saiti. Turke mai siririn baki wanda ke kauri a hankali yana jawo linkej ya hau kansa ko da ramin bai zo daidai da shi sosai ba, alhali mai yankakken baki sai an dace da shi ɗari bisa ɗari. Turken da aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa yana zamewa da zarar an goge shi da tsumma, na ƙarfen gama-gari kuwa yana kama bushi bayan damina ɗaya har sai an nemi guduma. Bushi mai zagayayyen ciki, wanda ke iya karkata kaɗan, yana yafe kuskuren kusurwa, kuma idan yana da kan zuba giris ya fi daɗewa. Saitin da nake amfani da shi yana da siririn baki da kan giris, kuma duk da haka sai na nemi wuri mai shimfiɗe kafin ɓangare na biyu ya yarda.

Filolin su ne raunin da ya game kusan dukan saitin da na gani. Ƙanana ne, hannu yana da taɓo, kuma wanda ya faɗa cikin ciyawa ya tafi ke nan. Ba kuma a hawa titi da linkej maras fil, domin zai zame daga turke ba tare da direba ya sani ba. Ajiye guda biyu na ko-ta-kwana a cikin mota, tare da tsumma da safar hannu, ya kamata a ɗauke shi wani ɓangare na kayan.

A kan kwalta, idan an haɗa, ban ji wani bambanci tsakaninsa da linkej na asali ba a farko. Daga baya ne wata 'yar ƙara ke fitowa idan an taka gargada, saboda abin da aka yi domin ya zame da hannu ba zai taɓa matsewa kamar noti ba, kuma yashi yana cin bushin a hankali. Giris bayan kowace shiga ruwa ko taɓo yana jinkirta hakan. Wanda ba ya son hidimar giris zai gaji da wannan kaya da wuri.

Babban haɗarin yana tattare da mantuwa ko ƙyuya. Mota mai tsawo da aka kwance wa sandar gaba tana iya tafiya miƙe a titi kamar babu komai, har sai an kauce wa wani abu ba zato, a nan jikinta zai kwanta fiye da yadda direba ya saba, ya dawo a makare, kuma tun da sandar baya tana nan a haɗe, bayan motar ne ke saurin zamewa. Ko a cikin daji ma ba ko'ina kwancewa ke da amfani ba: a gefen tudu inda motar ke tafiya a karkace, musamman da kaya a kan rufi, sakakkiyar sanda tana ƙara karkatar. A kan rairayi mai shimfiɗe da ake gudu kuwa babu dalilin taɓa ta.

Wannan raunin ne masu ƙera motoci suka toshe da na'ura. Dodge ta sa wa Power Wagon mai kwance sanda na lantarki a 2005, Jeep kuma ta sa wa Wrangler Rubicon daga 2007, inda direba ke danna maɓalli daga kujerarsa, kuma motar ke mayar da sandar da kanta idan gudu ya haura kilomita 29 a awa. Toyota ta bi ta hanyar matsin mai da tsarin KDSS wanda ya fara fitowa a Lexus GX 470 a 2004, shi ba ya ma jiran umarnin direba. Akwai kuma sanduna irin Antirock, masu laushi, waɗanda ake barinsu a haɗe kullum, a sami sassauci a daji amma a haƙura da ƙarin kwanciya a kwana. Idan aka jera su, na hannu ya fi kowanne wahalar da mai shi, amma ba shi da waya ko na'urar da ruwa zai shiga ya lalata, duk abin da ya same shi ana ganinsa da ido, kuma idan an haɗa shi motar tana komawa daidai yadda aka ƙera ta domin titi, abin da sanda mai laushi ba ta iya bayarwa.

Ina ba da shawararsa ga mai motar da ba ta zo da na lantarki ba, wanda ke tuƙa ta a titi mafi yawan lokaci kuma yake shiga duwatsu jifa-jifa. Wanda hanyarsa ta daji ke yawan ratsa kwalta, yau a hau gobe a sauka cikin tafiya ɗaya, zai ƙosa da durƙuso har ya fara barin sandar a kwance, kuma gara masa sanda mai laushi. Mai saye ya nemi a buɗe masa kwali ya duba bakin turken, ya tabbata linkej ɗin yana da zare da kan giris, sannan ya tambaya ko ana samun bushinsa da filolinsa daban idan sun ci.