Kur ɗin Ingilishi na dare a unguwar Zariya ta Maradi: yadda suke koyar da su can, must da should

Salamu alaikum jama'a. Masu tambayata game da kur ɗin Ingilishin nan na dare da ake yi a unguwar Zariya ta Maradi nan Nijar, ko ya kai mutum ya zuba kuɗinshi ko bai kai ba, to ni dai a ganina ya kai, amma ya danganta da malamin da ka faɗa hannunshi, zan zo kan wannan. Ni kayan babur muke saidawa da kawuna, kuma yanzu rabin cinikinmu ta WhatsApp ake yinshi da mutanen Legas da na Guangzhou, su ko waɗannan babu ruwansu da Faransanci, ko ka yi Ingilishi ko a rabu. Abin da ya kai ni kenan.

Da ma dukkanmu mun taɓa Ingilishi a lakkwal tun daga siziyam, amma kowa ya san yadda ake yinshi, a haddace a zuba a BEPC shikenan an wuce wurin. Yanzu kam zance ya canza. Tun watan Maris na 2025 da aka hiddo kundin sake gina ƙasa, Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinshi a 2021, kilomita 284 ta Katsina da Jibiya. Shi ya sa ajin namu ba wanda babu: ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, 'yan kasuwa irina, ma'aikatan likita masu neman aiki a ONG, har da wata hajiya mai atamfa da leshi da ke zuwa Dubai saro kaya.

Kuɗin jikka 5 ne a wata, sai jikka 2 na rajista karon farko. Ana farawa bayan magariba.

Abin da ya sa na ce ya kai shi ne darasin da suka yi muna a kan waɗannan ƙananan kalmomin da Turawa ke kira modal verbs. Guda 9 ne manyansu, malam ya jera su a tablo: can, could, may, might, must, shall, should, will, would. Bai tsaya dogon turanci ba, ya ce abu 3 ne ba su yarda da shi ba. Ba su ɗaukar s ko da mutum guda ake zance, "he can" ne, babu "he cans". Ba a sa to a bayansu, "I must go" ne, babu "I must to go". Kuma ba su neman taimakon do in za a yi tambaya, kai tsaye za ka ce "Can you come?". Na biyun nan shi ya hi kama mutane a ajin, kuma malam ya gaya muna dalili, wanda ya tashi da "je dois partir" a bakinshi yana ganin partir sai hannunshi ya rubuta "to go" tun kahin ya yi tunani. Amma ya kwantar muna da hankali, ya ce wanda ya iya haddace je peux, nous pouvons, ils peuvent ai can ba za ta gagare shi ba tunda ita ba ta canzawa ko da wa aka haɗa ta. Sai ya nuna guraben da suke da giɓi, can ba ta hawa bayan will sai dai ka ce "will be able to", must ta tilas kuma ba ta da jiya, sai ka koma "had to". Wannan duk cikin dare guda aka gama shi.

Sauran watan kuwa a kan nauyin magana aka ƙare shi, kuma nan ne na ga bambancin wurin da abin da muka saba a lakkwal. Malam ya ce kalmomin nan kamar giyar babur suke, ba ka tashi da giya ta huɗu. In abu kake so a yi maka, ka fara da "Could you", in an saba "Can you" ta wadatar, "You should" shawara ce mai ɗan nauyi, "You must" kuwa sai in kai ne da iko ko an kai ka bango. Ya ce kowa ya hiddo portabul ɗinshi ya karanto saƙo guda na gaske da ya taɓa aikawa. Hajiya ta karanto nata da ta aika ma wani mai kaya, "You must send my goods tomorrow." Malam ya aje alli ya ce, "Hajiya, da ke aka rubuto ma haka tun a saƙon farko, ya za ki ji?" Ta ce, "Malam ai kuɗina ne a hannunshi." Ya ce gaskiya ne Hajiya, kuma ranar must tana zuwa in ya ci gaba da jan ki, amma in kin fara da ita to ranar da ya yi miki laihin gaske mi ya rage ki hwaɗa? Ya sa ta sake rubutawa a tablo da hannunta, "Could you send my goods tomorrow, please?", sannan a ƙasa ya ƙara mata ta biyu ta ranar da aka saɓa alkawari, "You should have sent them last week." Wallahi kowa a ajin sai da ya kwahe wannan ta biyun a kaye, don duk ɗan kasuwa yana da wanda zai aika ma ita.

Abin ya shige ni sosai don ai mu ma haka muke. Ba ka zuwa gaban kawunka ka ce mishi dole ka zo gobe, cewa kake Kawu ko za ka samu lekowa gobe. Mun san ladabin sarai a Hausa, amma da mun koma Ingilishi sai mu zubar da shi gaba ɗaya saboda must kaɗai muka riƙe daga lakkwal, shi kuma na can ɓangaren bai san haka ba, gani yake kawai mutum ne mai tsawa.

Akwai wani wuri da malam ya tsaya ya ƙi wucewa sai da ya tabbatar kowa ya gane, musamman 'yan likita. Must da have to kusan abu guda suke nufi in ana cewa a yi, amma da an kore su sai kowa ya kama hanyarshi. "You mustn't" hani ne, kada ka kuskura. "You don't have to" kuwa ba dole ba ne, in ka so ka yi in ka so ka bari. Ya tada wata ma'aikaciyar jinya ya ce ta gaya ma mara lahiya kada ya sha maganin nan da cikin wofi, in ta ce "You don't have to take it on an empty stomach" to ta ba shi zaɓi kenan, alhali hana shi take son yi. Ita da kanta ta ce malam wannan ai rai ne. Daga nan ya wuce zuwa must ta zato mai ƙarhi, irin "He must be tired", wato lalle ya gaji, wadda kishiyarta kuma can't ce, "It can't be true". May da might ya ce duk wataƙila ne, might ta ɗan hi rauni. Shall bai ɓata muna lokaci da ita ba, ya ce a bakin mutane sai dai "Shall we go?" da irinta, amma in mun ganta a takardar kwangila mu buɗe ido don can tilas take nufi.

Wani abu da ya burge ni, masu yawan tahiya Kano da Legas suna shigowa da "I no fit" a bakinsu, malam bai taɓa yi ma kowa dariya ba. Ya ce wannan Pidgin ce kuma tana aikinta a tasha da kasuwa, ku riƙe ta, amma in takarda ce ko biro sai "I can't".

To yanzu inda suka gaza. Babban shi ne sauraro. A rubuce kowa ya iya raba can da can't, amma ka kunna muryar ɗan Amurka yana magana da sauri ka gani ko za ka ji t ɗin nan, ko "should have" da suke haɗiyewa ta koma kamar shuda. Wannan sai da kunne ake koyonshi, su ko sifika guda gare su ƙarama, kuma ba kullum take da caji ba. Ni a voice mutanen Legas suka hi turo min magana, don haka wannan giɓin ya dame ni ƙwarai, sai na koma ina haɗawa da BBC Learning English a YouTube da dare in rezo ya yi kyau. Ya kamata a ce kowane zama an ware ko minti 15 na saurare kaɗai.

Na biyu cunkoso. Ɗakin ajin yara ne na wata makaranta suke ara, bencin ƙanana ne, an kuma haɗa wanda ya yi Bak da wanda ya tsaya a sankiyam wuri guda, sai ka ga rabi suna jira rabi suna gudu. In wuta ta ɗauke, musamman lokacin zahin Afrilu da Mayu, ba panka ba haske sai tocin portabul ake haska tablo da shi, na baya ba ya ganin komi. Fotokopin darasi ma kai za ka biya dabam kuma wani lokacin ya koɗe har ba ka raba would da could. Mata kuma suna kokawa da lokacin tashi, don ana kaiwa bayan isha'i, wadda ke Ali Ɗan Tsoho ko Burja sai ta nemi kabu-kabu cikin dare. Da za su buɗe ajin la'asar ranar Asabar da Lahadi da sun taimaki mata da yawa.

Sai zancen malami da na ce zan zo kanshi. Su biyu ne. Duk abin da na yaba a sama na babban ne. Ɗayan matashi ne, yana da ilimi ba shakka, amma shi cika tablo yake da ƙa'ida da Faransanci ya ce a kwahe, "can exprime la capacité" da sauransu, a tashi ba wanda ya buɗe baki ya yi jimla guda. Irin wannan ko Duolingo za ta yi maka a gida. Abin da waya ba za ta yi maka ba shi ne ta dubi saƙonka na gaske ta ce maka wannan ya yi tsauri ga mutumin da ka fara ciniki da shi jiya, kuma shi ne abin da nike biyan jikka 5 dominshi.

Takardar shaida da suke badawa a ƙarshe ta cibiyar ce kawai, mai neman karatu waje da aka nemi TOEFL ko IELTS kada ya dogara da ita. Amma ɗan kasuwa ko ma'aikaci da ke son ya iya roƙo da shawara da hani ba tare da ya ɓata ma mutane rai ba, ya je. Suna barin mutum ya zauna dare guda kyauta kahin ya yi rajista, to ka tambayi ranakun babban malamin ka je ranar, ka tahi da saƙonninka na WhatsApp a waya, ka kuma riga mutane zuwa ka samu bencin gaba.