Garejin da ya gano ciwon motata da asubahin hunturu a Jos

Motar da nake magana a kanta Toyota Tacoma ce ƙirar 2000, a-kori-kura mai injin fetur 3RZ-FE na lita 2.7, wadda aka shigo da ita daga Amurka ta Kwatano, kuma da ita nake ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada. Tun da hunturu ya kama, sai ta fara ƙin tashi da safe. Nakan murɗa makulli sau huɗu ko biyar kafin ta kama, idan ta kama kuma sai injin ya riƙa kakkarwa har sitiyari na rawa, kuma da zarar na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Da rana kuwa bugu ɗaya take tashi, kuma wannan ne ya ɓatar da kanikawa biyun da na fara kai wa, domin duk lokacin da na isa wurinsu injin ya riga ya yi zafi. Na farko ya canza fulogai, na biyu ya canza famfon mai ya wanke nozul, amma safiya ta gaba ciwon yana nan yadda yake.

Gareji na uku, wanda wani abokin sana'a ya kwatanta mini, bai da wata ƙawa ta musamman, amma mai shi ya ƙi taɓa motar a ranar da na kai ta. Ya ce in bar ta ta kwana, in dawo bayan sallar asuba, domin ciwon da sanyi ke tayarwa a cikin sanyi ake kama shi. Gaskiya raina bai so ba, tunda hakan ya ci mini lodin yini guda, sai dai abin da na gani washegari ya gamsar da ni.

Kafin ya tayar da injin, ya jona na'urarsa a soket ɗin OBD2, wato kafar da ake karanta bayanan kwamfutar mota ta cikinta, da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda dokar Amurka ta wajabta wa irin waɗannan motoci tun 1996. Ya kunna makulli kawai, ya nuna mini zafin ruwan injin da kwamfutar motar take gani: digiri 58, alhali motar ta kwana a waje kuma sensar iska tana nuna 13. Bayaninsa ya zauna mini sarai. Fetur ba ya saurin zama tururi a cikin injin mai sanyi, saboda haka dole kwamfuta ta ƙara yawan man da take fesawa a farkon tashi, kuma sensar zafin ruwa ce take shaida mata cewa ana sanyi. Idan sensar ta tsufa tana ba da labarin ƙarya, kwamfuta za ta ba injin man da ya dace da rana tsaka, kuma ba lallai fitilar gargaɗi ta kama ba, tunda waya ba ta tsinke ba. Bai tsaya ga na'urar kaɗai ba. Ya cire sensar ya auna ta da mita, ya sami turjiyar lantarki da ba ta kai kilo-om ɗaya ba, a inda lafiyayya take ba da biyu da rabi ko kusa da haka a zafin digiri 20.

Kakkarwar kuma dalilinta daban ne, kuma a nan ne na ga haƙurinsa. Bayan injin ya ɗumama, lambar matsala P0171 da ta fito a na'urarsa ta nuna cewa iska ta rinjayi mai, kuma ya lura kwamfutar tana ta ƙara mai idan motar na aiki a tsaye, amma ƙarin yana raguwa idan ya taka totur, alamar iska na kutsawa ta wata kafar da ba a auna ta ba. Ya bi tiyo-tiyon ɗaya bayan ɗaya har ya gano tsaga a ƙasan babbar robar da ke tsakanin sensar iska da maƙogwaron totur, wurin da ido ba ya gani sai an lanƙwasa ta. Daga nan ya kwance bawul ɗin da ke daidaita gudun injin a tsaye, ya wanke baƙin dattin da ya daskare a cikinsa. Ya kuma tarar babu tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwan injin har sai ya yi zafi, a motar ko kaɗan, an cire shi tun kafin in saye ta, kamar yadda ake yawan yi da sunan maganin zafi. Ya nace a mayar da mai buɗewa a digiri 82, domin in babu shi injin zai daɗe bai ɗumama ba a sanyin Jos, sabuwar sensar kuma za ta sa kwamfuta ta yi ta zuba mai har fulogai su yi baƙi.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Garejin ba ya ajiye kayan gyara, sai da na yi kwana uku ina neman robar da ba gwanjo ba. Ba a ba ni rasit ko wata takardar da ta lissafa aikin ba, sai da na rubuta da hannuna, kuma ana karɓar kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, abin da ya kamata a gaya wa mutum tun daga farko. Duk da haka, jimillar abin da na biya ba ta kai abin da famfon mai da fulogai suka ci mini a banza ba.

Yau mako shida ke nan motar tana tashi a bugu ɗaya da ƙarfe biyar na asuba, injin ya hau sama da juyi 1,200 a minti na ɗan lokaci, sannan ya sauko ya zauna daidai wajen 700 ba tare da rawa ba. Akwai ɗan ƙas-ƙas da yake fitowa daga saman injin, wanda bakaniken ya ce na bawuloli ne da ke bukatar a auna tazararsu, kuma wurinsa zan mayar da ita bayan an gama kwasar dankalin rani.